Koren da aka gano a Fas: nazarin aikin tayil da dutse a banɗaki ɗaya

Banɗakin mita 2 ne faɗinsa, tsawonsa mita 3, kuma ba shi da taga, sai 'yar fanka mai zuƙe tururi. Wajen shawa yana can ƙurya, ya ci mita ɗaya daga tsawon ɗakin. Mai gidan ta dawo daga tafiya Maroko da hotuna cike da waya da kuma buri guda: bangon shawa ya zama irin koren da ta gani a makarantar Attarin da ke Fas, ƙasa kuma a shimfiɗa dutsen farar ƙasa mai launin yashi. Cikin kwana goma sha biyu aka gama komai, tun daga zuba daɓe har zuwa wanke-wanke. Wata biyar ba su cika ba aikin ya fara tona asirin kansa.

Koren tun ranar farko bai yi mata ba. Ya fito da duhu, ya karkata zuwa launin gansakuka, layukan tsakani masu ruwan toka kuma sun yayyanka bangon kamar raga. Dutsen ƙasa ya yi dabbare-dabbare, gefen kowane falle ya fi tsakiyarsa duhu, wani farin gari kamar gishiri yana ta fitowa daga layukan komai yawan gogewa. A kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa akwai tsaga daga wannan gefe zuwa wancan. A ɗakin da ke bayan shawa kuwa fenti ya kumbura har kusan gwiwa.

Matsala biyu ce ta haɗu a wuri guda, ta launi da ta aikin hannu, kuma wanda ya cakuɗa su zai kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba.

Abin da ido ya gani a can

Makarantar Attarin an gina ta tsakanin 1323 da 1325, zamanin Abu Sa'id Usman na biyu, sarkin Maroko daga gidan sarautar Banu Marin, tana dab da masallacin Ƙarawiyyin. Duk wanda ya tsaya a tsakar gidanta ya kalli bango daga ƙasa zuwa sama zai ga hawa-hawa ne. Zalij a ƙasa, wato ƙananan gutsattsarin tayil na gasasshen yumɓu da ake sassaƙawa da hannu. Sai zoben rubutu, sai farar filasta mai zane, sai katakon al'ul mai duhu a can sama, sannan sararin samaniya a buɗe. Koren da ya kama zuciyar mai gidan ba shi kaɗai yake zaune ba. Fari ne ya kewaye shi, da baƙi, da ruwan zuma, da shuɗi kaɗan, kuma hasken rana ne ke sauko masa daga sama yana bugun farar filasta yana dawowa.

Ita kuwa sai ta ɗauko koren tsurarsa ta lulluɓe bango mai murabba'in mita 4.8 da shi, a ɗakin da rana ba ta taɓa leƙawa. Wannan kuskure ne da kusan kowane matafiyi yake yi, kuma ba laifin idonsa ba ne. Ido yana riƙe launin da ya fi burge shi, ya manta da maƙwabtan da suka sa ya burge. Haka abin yake da shuɗin lambun Majorel na Marakesh: tsanwar tsirrai da tukwane masu launin rawaya da rana mai ƙarfi su ne rabin kyansa. A ɗauke su, a shafa shuɗin a lungu mai duhu, sai ya yi nauyi.

Hoton waya ma ya ƙara ɓatar da ita. Kyamarar waya tana gyara launi da kanta gwargwadon hasken da ta tsinta, tana ƙara masa kaifi, allon kuma haske yake fitarwa daga ciki, abin da tayil ba ya yi. Hotuna shida da ta ɗauka na bango ɗaya sun ba da kore iri shida. Da ta riƙe farar takarda a jikin bangon lokacin ɗauka, da an samu abin da za a daidaita launin da shi. Abin da ya fi wannan shi ne tafiya da ƙaramin kundin samfurin launuka mai lamba, irin na RAL ko NCS, a kara shi da abin da ake so a inuwa, a rubuta lambar, a sake karawa a rana. A rubuta har da abin da ke kewaye: wane launi ne a sama, wane ne a ƙasa, kowanne ya ci kashi nawa, fuskar tana ƙyalli ko ba ta yi, ƙarfe nawa ne, haske daga ina yake zuwa. Layi biyar a ɗan littafi sun fi hoto ɗari amfani ga mai sa tayil.

Sai ƙwan fitila. Wanda ke banɗakin mai 2700K ne, irin mai haske ja-ja, shuɗin da ke cikinsa kaɗan ne. Koren da ke da ɗan shuɗi a jikinsa idan ya rasa wannan hasken dole ya koma ruwan gansakuka. An kawo ƙwai mai 4000K, irin mai farin haske, wanda ma'aunin fito da launinsa, CRI, ya kai 90, aka kunna a ɗakin kafin a taɓa ko tayil ɗaya. Nan take koren ya farfaɗo. Wannan gwajin ne ya nuna tayil ɗin ba shi da laifi, bai kamata a zubar da shi ba.

Na ƙarshe shi ne layin tsakani. Zalij manne da juna ake jera shi, tazarar milimita 1 zuwa 2. A nan an bar milimita 5 aka cike da ciko mai launin toka. A tayil mai santimita 10, layi mai wannan kauri yana cin kusan kashi goma cikin ɗari na fuskar bango, don haka launi ne na biyu da ba wanda ya zaɓe shi da gangan.

Abin da ke ƙarƙashi

Binciken bai buƙaci wani babban inji ba. An bi bangon ana ƙwanƙwasa kowane tayil da ƙotar sukudireba. Wanda ya zauna daram sautinsa a toshe yake, wanda ke da rami a bayansa kuwa ƙwal-ƙwal yake yi kamar ƙoƙo. Fiye da rabi sun yi ƙwal-ƙwal. Da aka ɓamɓare ɗaya sai ga dunƙulen siminti guda a tsakiyar bayansa, girmansa bai wuce tafin hannun yaro ba, kusurwoyi huɗu duk a sarari, filastar da ke baya kuma jiƙe sharkaf har tana wari. Ɗiga-ɗigan siminti aka yi ana mannawa. Masu yin haka suna yi ne don sauri, kuma don yana ba su damar ɓoye karkatar bango. Amma kowane rami hanya ce ta ruwa. A wuri mai jiƙa ana so gam ɗin manna tayil ya kama aƙalla kashi 95 cikin ɗari na bayan tayil, a busasshen wuri kashi 80. Wannan bai kai 40 ba.

Babu shafen hana ruwa ko kaɗan a bayan tayil ɗin. Mutane da yawa sun ɗauka tayil da cikon layi su ne ke tare ruwa. Ba haka ba ne. Cikon layi na siminti yana shan ruwa, bayan zalij kuma gasasshen yumɓu ne mai ƙishirwa. Ruwan da ya wuce su bango yake shiga, shi ya sa fentin ɗakin baya ya kumbura.

A ƙasa aka tarar da tarin laifi. An dasa dutsen a kan daɓen da bai wuce kwana takwas da zubawa ba. Daɓen siminti da yashi yana bushewa ne kusan milimita ɗaya a rana idan kaurinsa bai wuce santimita 4 ba, wato mai santimita 4 yana neman kwana arba'in, kuma mafi ƙarancin abin da ake jira shi ne mako uku. Yana bushewa yana tsukewa, abin da aka manna masa kuwa ba ya tsukewa tare da shi. Sannan da baƙin siminti aka dasa dutsen. Dutsen farar ƙasa kamar soso yake, yana zuƙo ruwan da ke ƙasansa da duk abin da ruwan ya ɗauko, ya fito da shi fuska. Duhun da ya zagaye gefen kowane falle daga nan yake, da kuma daga ruwan cikon layi da dutsen ya tsotsa ta gefe. Farin garin nan kuma sinadarin da ke cikin siminti ne ruwa ke narkarwa ya hauro da shi, idan ya haɗu da iska ya daskare. Muddin danshi na ƙasa, gogewa ba ta raba shi da wurin. An liƙa leda mai santimita 45 kowane gefe a kan dutsen da salatif, aka bar ta kwana ɗaya. Da safe cikinta duk raɓa.

Abin da ya fi ciwo shi ne an yi ƙoƙarin wanke farin garin da ruwan wanke tayil mai asid. Dutsen farar ƙasa da mabul asid yana cinye su, don asalin sinadarinsu ɗaya ne da alli. Inda ruwan ya taɓa ya yi fari fat, ya yi kaushi, har sawun gindin robar ya fito a zagaye. Wannan ba datti ba ne da za a wanke, fuskar dutsen ce ta tafi.

Gangaren shawa bai kai milimita 5 a mita ba, ruwa na kwanciya a kusurwa. Kuma an danna dutsen har jikin bango aka cike kusurwar da siminti, ba a bar wa ƙasa wurin motsi ba. Tsagar daga nan ta samo asali.

Gyaran

Faci ba zai yi ba, tunda abin da ya ɓace yana can ƙarƙashi. An cire komai har daɓen. Zalij ɗin an bi shi a hankali da siririyar kurfi, daga sama zuwa ƙasa, an shimfiɗa bargo don wanda ya suɓuce. Cikin tayil sama da 400 an tsira da kusan 320, aka kankare busasshen simintin bayansu.

Wannan adadin ya zo daidai da sabon tsarin launi. An koma ga abin da bangon Attarin ya koyar: kore daga ƙasa zuwa santimita 140, sahu 14, wato tayil 280. Sai siririn zobe mai ruwan zuma, santimita 2. Daga nan zuwa sama zalij mai farin madara, guda 200, aka sayi 230 saboda yanka da fashewa, don kayan hannu ana ƙara musu kashi 15 cikin ɗari, na masana'anta kashi 10. Bangayen gefe biyu farin madara ne zalla. Kafin a saya an manna samfuri a kan katako mai santimita 60 kowane gefe, aka cike layukan rabinsa da ciko farin madara, rabi da kore-kore, aka jingine shi a banɗakin kwana uku ana kallo a bushe da kuma a jiƙe. Farin madara aka zaɓa. Baƙin ciko ba a ko gwada shi ba, domin fuskar zalij tana da 'yan tsage-tsage siraran gaske da ke kama launi su ƙi saki.

An zuba sabon daɓe, awo ɗaya na siminti, huɗu na yashi mai kaifi, da ruwa kaɗan, yadda idan an dunƙula a hannu zai kama ba tare da ya ɗiga ba. A shawa an ba shi gangaren santimita 2 a kowace mita zuwa magudana. An rufe shi da leda mako ɗaya don ya nuna, aka buɗe aka bar shi yana shan iska har mako shida suka cika, aka sake gwajin leda, ta fito a bushe. Sabuwar filastar bango ta samu nata fiye da mako biyun da take buƙata. Da aka ɗora miƙaƙƙen sandan alminiyom mai mita 2, ba inda rata ta wuce milimita 3. Idan ta wuce, bango ake gyarawa, ba a ƙara kaurin gam.

Shafen hana ruwa hannu biyu aka yi, na biyu a gicciye kan na farko bayan ya bushe. Kafin nan an binne ƙyallen ƙarfafawa a cikin shafen a duk kusurwa, da kewayen magudana, da inda bututu ya fito daga bango, don ta nan ruwa ke fara samun ƙofa. A shawa shafen ya hau har saman bango, a sauran ɗakin ya rufe ƙasa duka ya hau santimita 15. Sannan aka toshe magudana, aka tara ruwa, aka yi alama da fensir, aka bar shi awa 24. Bai sauka ba. Wannan kwana ɗayan shi ake yawan tsallakewa, alhali shi kaɗai ne lokacin da za a iya gano yoyo ba tare da an fasa komai ba.

Ƙasan shawa ba a mayar masa da dutsen farar ƙasa ba, kuma shawarar daidai ce. Dutse mai shan ruwa a wurin da sabulu ke zuba kullum wahala ce da ba ta ƙarewa, falle mai santimita 60 kuma ba ya bin gangare sai an yayyanka shi. An sa ƙananan tayil na fosilin, wato irin masu tauri da kusan ba sa shan ruwa, masu santimita 5, launin yashi, marasa santsi. Yawan layukansu ma yana riƙe ƙafa. Dutsen ya tsaya a busasshen ɓangaren, murabba'in mita 4.

Gam fari aka yi amfani da shi ko'ina, mai lambar C2 S1 a jikin buhu, wato mai ƙarfin kamu da ɗan lanƙwasa. Ruwa ake fara zubawa a bokiti gwargwadon abin da buhu ya ce, sannan gari, a dama da inji a hankali, a bar shi minti biyar, a sake damawa. Idan ya fara tauri a bokiti zubarwa ake yi, ƙara masa ruwa kashe shi ne. Ana shafa abin da za a iya rufewa cikin minti goma sha biyar kawai. A taɓa da yatsa: in bai manne ba, ya yi fata, a kankare a sake.

Ga dutsen, cokali mai haƙora milimita 10 aka ɗauka, a riƙe shi a karkace, a ja layukan gam duk fuska ɗaya, ba a zagaye ba, don iska ta samu hanyar fita. Bayan kowane falle ma an goge shi da ɗanyen soso saboda ƙurar yanka, an shafe shi da siririn gam. A ɗora, a tura shi gaba da baya a gicciyen layukan har su kwanta, a bubbuga da gudumar roba fara, don baƙa tana barin tabo. Bayan kowane falle biyar ko shida a ɗaga ɗaya a duba bayansa. Fallayen santimita 60 da 30 ne, an goce su da kashi ɗaya cikin uku maimakon rabi, saboda dogon falle yakan ɗan yi doro a tsakiya, in aka haɗa doron wani da bakin wani sai ƙafa ta riƙa tuntuɓe. Tsakaninsu milimita 3, tsakaninsu da bango milimita 6 a buɗe.

Zalij shi ne ya fi cin lokaci, kuma ya cancanta. An zazzage shi duka a ƙasa aka gauraya, domin kowane gashin tanda da irin korensa, in aka bi kwali-kwali bangon zai fito faci-faci. An jera sahu uku a bushe ana musanyawa har duhu da haske suka watsu. Faɗin bangon santimita 200 ne. Da an sa cikakku 19 a sahu, da ragowar kowane gefe bai kai santimita 3 ba, siririn yanki mai muni da saurin karyewa. Sai aka gusa da rabin tayil: cikakku 18, yankakku biyu masu kusan santimita 7 da rabi. Sahun farko ba daga ƙasa aka fara shi ba, tunda ƙasan gangare ne. An kafa miƙaƙƙen katako a lebur a tsayin sahu na biyu, aka hau daga nan, sahun ƙasa aka yanka shi daga baya ya bi gangaren. Kowane tayil an tsoma shi a ruwa minti ɗaya zuwa biyu, aka bar shi ya tsane, don kada yumɓun ya zuƙe ruwan gam tun bai kama ba. Cokali mai haƙora milimita 6 a bango, ɗan shafi a bayan tayil, a danna da hannu. Kaurinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba a so a daidaita su kamar madubi, wannan ɗan hawa da saukar shi ke karya haske ya ba bangon rai. Abin lura kawai kada wani baki mai kaifi ya fito inda zai yanki mutum. Yanka duk da inji mai ruwa aka yi, da safar hannu da abin rufe hanci, saboda ƙurar dutse da tayil tana lalata huhu.

Bayan awa 24 aka shafa wa dutsen ruwan kariya mai shiga ciki, tun kafin cikon layi, aka goge ragowar kafin ya bushe a fuska. Sannan aka cike layuka da cokalin roba a karkace, aka goge da soso matsattse ana sauya ruwa akai-akai. Yawan ruwa a wannan mataki shi ke wanke launin ciko ya bar shi fari-fari a wani wuri. Duk kusurwa, ta bango da bango da ta bango da ƙasa, silikon aka sa mata, kuma irin wanda ba shi da asid, wanda aka rubuta ya dace da dutse, domin na gama-gari yana barin tabon maiƙo a gefen falle. Fitilar shawa mai lambar IP65 ce, wato mai jure feshin ruwa, an kafa ta santimita 40 daga bango, yadda haske zai sauko a kan zalij ba tare da ya fito da inuwar kowane baki ba.

An bar shawa mako ɗaya ba a buɗe ruwa ba. Daga nan kulawar ba ta da yawa: sabulun wanke dutse marar asid, da kunna fanka minti ashirin bayan wanka. Sau ɗaya a shekara a ɗiga ruwa a kan dutsen a jira minti goma, in wurin ya yi duhu lokacin sake shafa ruwan kariya ya yi. Ragowar zalij, kore kusan 30 da fari 20, da falle uku na dutsen, an naɗe su a kwali an rubuta sunan launin ciko da na silikon a jiki, saboda ranar da za a fasa bango don gyaran famfo.